Ciwon da ke bin jini daga Donegal

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Dublin, mijina ɗan ƙasar Ayalan ne, asalinsu Donegal, wani yanki a arewa maso yammacin ƙasar. Surukina, mai shekara 68, ƙafafunsa sun fara mutuwa, ga haki idan ya hau bene. An ce amyloidosis ce ta gado. Yaranmu biyu, hankalina ya tashi. Ta ina zan bi salsalar ciwon?
Maman biyu, Dublin

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ina ganin sunan Donegal gabana ya faɗi, domin gaɓar tekun arewa maso yammacin yankin ita ce mahaifar wani nau'in amyloidosis ta gado da ake kira T60A. Hanta ce ke sarrafa wani sinadari, transthyretin, wanda a wannan ciwon ke fitowa a gurɓace ya riƙa taruwa a jijiyoyi da zuciya. Ciwon yakan ɓoye sai an haura shekara 50. Idan uba na da shi, kowane ɗa yana iya gadonsa ko ya tsira, rabi da rabi.

Ki fara da tsofaffin gidan tun suna raye. Ki zauna da surukarki da biro da takarda, ki tambaye ta: wa ya riƙa jan ƙafa? Wa ya rame ba dalili, ko gudawa ta ƙi barinsa? Wa zuciya ta kayar? Sannan takardu. Gobarar 1922 a Dublin ta cinye yawancin takardun ƙidayar jama'a ta 1821 zuwa 1851, amma ta 1901 da ta 1911 suna intanet kyauta. Rajistar mutuwa ta fara a 1864, kuma tana da gurbin sanadin mutuwa da tsawon jinya. Wannan ɗan gurbin nake so ki ƙura wa ido. Kada ki sa ran ganin sunan ciwon, likitocin wancan zamani ba su san shi ba. Za ki ga "ciwon zuciya" ko "shanyewar jiki" na maimaituwa a ɗaki ɗaya, daga kaka zuwa jika.

Takardun za su nuna miki dangin da ya kamata a sanar, har waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka. Gwajin ƙwayoyin gado (DNA) kaɗai ke tabbatar da wanda ya gada. Mijinki ya nemi likitansa ya tura shi wurin masu ba da shawara kan cututtukan gado, don yanzu akwai magunguna irin su tafamidis da patisiran da ke rage wa ciwon gudu idan an kama shi da wuri. Yaran kuwa, a bar su su girma su zaɓa da kansu. Idan gwajin babansu ya fito babu, su ma sun kuɓuta.