Kuɗina na littafi ɗaya ne: wanne zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da adabi a wata sakandare da ke Ƙofar Ƙaura, Katsina. Ina so in nuna wa ɗalibaina yadda marubuci ke amfani da tuta ko taken ƙasa wajen fallasa wariyar launin fata. An ambata mini littattafai biyu na Ralph Ellison, marubuci baƙar fata na Amurka, Invisible Man da Flying Home and Other Stories, ni kuwa kuɗina na ɗaya ne.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki sayi na biyun. Invisible Man na 1952 ya haura shafi 400, zango ɗaya ba zai ishe ki ba. Babinsa na farko, wanda ya fara fita a matsayin gajeren labari a 1947, shi ne ya fi shahara a wannan jigo, amma tutar Amurkan da ke cikinsa a jikin wata mai rawa tsirara aka zana ta. A ajinki wannan zai janye hankalin yara daga darasin, ya kuma jawo miki magana da iyaye.

Flying Home tarin gajerun labarai ne da aka buga a 1996, bayan rasuwar marubucin a 1994. Biyu daga ciki sun ishe ki. A "In a Strange Country", wani baƙar fata ɗan Amurka ma'aikacin jirgin ruwa ya sauka a yankin Wales na Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojoji farare 'yan ƙasarsa suka kumbura masa ido. Mutanen garin suka kai shi ƙungiyarsu ta mawaƙa, suka rera taken Amurka don girmama shi, sai ya tsinci kansa yana rerawa tare da su. Nan ne wurin da ya kamata ki daɗe. Ki tambayi yaran: wa ya doke shi, wa ya rera masa taken, me ya sa bai yi shiru ba? Ellison bai zagi taken ba. Ya nuna mutumin da ke ƙaunar alkawarin ƙasarsa alhali an hana shi rabonsa daga ciki, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Labari na biyun shi ne wanda littafin ya ci sunansa: baƙar fata mai koyon tuƙin jirgin soja ya yi karo da ungulu, ya faɗo a gonar wani farar fata a jihar Alabama ta Amurka.

Inda darasin ke lalacewa shi ne a haddace wa yara cewa jirgi 'yanci ne, ungulu wariya ce, shi ke nan. Kafin karatu ki rubuta shekaru huɗu na tarihin Amurka a allo: 1776 da aka shelanta cewa daidai aka halicci mutane, 1865 da aka soke bauta, 1896 da kotun ƙoli ta halasta raba baƙi da farare, sai 1948 da aka ba da umarnin kawo ƙarshen wariya a soja. Labaran biyu sun fara fitowa ne a 1944, su yaran za su gane da kansu inda suka faɗo.

Wajen saye kuma, na hannu ba laifi. Ki dai duba jerin labaran a gaba, ki tabbata waɗannan biyun suna nan, ki bi lambobin shafi, don bugun satar fasaha kan tsallake shafuka, manninsa kuma ba ya jure zafinmu.