Me ke kawo fumfuna a ganyen taba lokacin nuka?

Tambaya: Na tsiba ganyen taba na rufe don ya nuku, sai ga fumfuna fara da koriya a gefen tsibin da gindinsa, amma tsakiya lafiya lau. Mene ne sanadi, kuma ganyen zai gyaru?

Amsa: Inda fumfunar ta fito ya riga ya nuna sanadin. Tsakiyar tsibi kan kai digiri 45 zuwa 50, zafin da yawancin fumfuna ba sa iya yaɗuwa a cikinsa. Gefe da gindi kuwa sukan tsaya wajen digiri 25 zuwa 35, kuma a can tururin da ke fitowa daga tsakiya yake hucewa ya zama gumi. Ɗumi da danshi ke nan a wuri ɗaya, abin da jinsunan fumfuna irin su Aspergillus da Penicillium suke so.

Sau da yawa ma matsalar ta faro ne tun daga shanya. Ganyen kan bushe, jijiyar tsakiya ta rage da ruwa. Lanƙwasa ta, in ba ta karye ƙas ba, kada ganyen ya shiga tsibi. Wajen yayyafa wa busasshen ganyen ruwa kafin tsibawa a yi hankali, danshin ganye ya tsaya kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Dunƙule shi a hannu: ya buɗe da kansa bai kakkarye ba, tafinka kuma bai jiƙe ba.

Ɗora tsibin kan katako, nesa da bango. Rufe da buhun algarara ko zanen auduga, ban da leda, don tana maido da gumi kan ganye. Soka ma'aunin zafi har tsakiya ka duba kullum. Da ya kai digiri 50, ko ya fara sauka, rushe tsibin, karkaɗe kowane dami ya sha iska, na gefe ya koma ciki, na ciki ya fito waje. Laimar ɗakin kada ta daɗe sama da kashi 75.

Warin amoniya mai hawa kai alamar nuka ce. Warin rima shi ne abin tsoro.

Ganyen da ya yi fumfuna dai a zubar, har da maƙwabtansa. Gogewa tana cire ta saman ne kawai, kuma jinsin fumfunar da ake kira Aspergillus flavus yana iya barin gubar aflatoksin, wadda zafin nuka ba ya kashewa. Sa takunkumin hanci lokacin tsincewa, ka wanke katakon da marufin su bushe sarai kafin ka sake tsibawa.