Gwajin hanji da kyamara, ga yadda nawa ya kasance

Yaya, kin ce shekararki 47, likita a Jidda ya rubuta miki gwajin hanji da kyamara, tsoro ya hana ki barci. Ni ma haka na yi bara, ashe aikin ba komai, allurar barci suka min, kamar minti 30 an gama. Wahalar tana jajibirin ranar, maganin wankin cikin nan mai gishiri-gishiri, sa shi a firij ki daure ki shanye duka, ki kwana kusa da banɗaki. Ranar jajibirin ruwa da tataccen romo kawai, banda Vimto da zoɓo, jansu kan rikita likita ya zaci jini ne. In kina shan maganin suga ko na tsinka jini, gaya masa tun da wuri, kar ki daina da kanki. Ki tafi da ɗan rakiya. Jini sosai ko matsanancin ciwon ciki daga baya, koma asibiti take.