Amsa: ɗakin ajiyar da ya fi gidan mai gonar girma

Malam sannu da ƙoƙari. Ka ce ka ga hoton wani tsohon gidan gona a Fensilbaniya ta Amurka, kana mamakin yadda ɗakin ajiyar ya fi gidan mutanen girma kuma an jingina shi da tudu, ka kuma tambayi dalilin da ya sa aka shafa masa jan fenti. To ai wannan gini ne na Jamusawa da mutanen Suwizalan da suka yi ƙaura can tun shekarun 1700, da dabararsu suka zo.

Hawa biyu ne, da gangan suke sa shi a gangare don keken doki ya shiga benen kai tsaye ta bayan tudun ya sauke ciyawa da alkama, nan ma ake sussuka, shanu da dawaki kuma suna ƙasa sai dai a zuro musu harawa ta wata kafa ba sai an yi dako ba, wallahi wannan dabarar tana burge ni sosai. Benen yana ɗan zarce bangon ƙasa ta gaba, ya zama rumfa kan ƙofofin dabbobi saboda ruwa da ƙanƙara. Girman kuma dole ne, don abincin dabbobi na duk lokacin sanyi a ciki yake, mu kan itace muke ɗora harawa mu bar rumbu da hatsi kawai.

Gidan mutanen kuwa sau da yawa na dutse ne, da ɗakin ƙasa na ajiye abinci. Jan fentin da ka tambaya kuwa, araha ce ta jawo, tsatsar ƙarfe ake haɗawa da mai a shafa don katakon kar ya ruɓe.