'Yar'uwa, a duba miki kwano da gindin bango kafin ki zaɓi kujera

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki gabana na faɗuwa. Kin ce gidanku na unguwar Mabera a nan Sakkwato tsoho ne, kin kwashi adashe kina son gyara falo da ɗakin kwana kafin bikin ƙanwar maigidanki, kin rasa salon adon da za ki ɗauka tsakanin na 'yan Turkiyya mai kujerun royal da ruwan gwal, da farin nan fes na Turawa marar tarkace, da zaman ƙasa irin na Larabawa. Can ƙarshe kinka ƙara da cewa gindin bango yana ɓarɓashi, fenti na kumbura, akwai tabo a silin, amma mai aikin ya ce silin POP da fefar bango za su rufe komai. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta hana ni wucewa. Don girman Allah kar ki yarda. Haka anka ce mini ni ma.

Namu gidan gado ne a wajen Runjin Sambo, ginin bulo tun na zamanin mahaifin maigidana. Kuɗin da na zuba ba na adashe kaɗai ba ne, har da ɗan abin da na samu na gadon babanmu, Allah ya jiƙansa, da 'yan kunnen gwal ɗina da na sayar. Mai aikin ɗan'uwan maigida ne ta wajen uwa, shi ya sa anka ce a ba shi, na gida ba zai cuce mu ba. Ranar da ya zo awo, da hannuna na nuna masa tabon da ke kusurwar gabas, na ce masa nan yana zuba duk damina. Washegari ya dawo ya ce ya hau ya duba, ƙusoshi ne sunka saki, zai canza kwano biyu ya toshe sauran. Ya rubuta kuɗin a lissafi, na biya shi cif. Wallahi tallahi bai hau ba. Daga baya da anka buɗe, kwanon nan yadda yake tun farko haka yake, da tsatsarsa da hujinsa. Katakon da ke ƙarƙashi gara ta cinye cikinsa, in kin danna da yatsa sai ya lotsa. A jikin wannan ruɓaɓɓen katakon ya ɗaure mini silin POP mai hawa uku da fitilu kewaye.

Kin san yadda suke yin sa: allunan ne ake ɗaurewa a katako da zaren nan na filas da anka tsoma cikin kwaɓi. Abin yana shan ruwa, in ya sha ya yi nauyi ya yi laushi. Yana da kyau matuƙar ba ɗigon da ke taɓa shi. A rani munka gama, mutane na ta shigowa suna sa albarka, ni ma ina jin daɗi a raina na ce kuɗin babana sun zauna inda zan riƙa ganinsu kullum.

Cikin watan Agusta, da dare, anka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Autana ya saba barci a doguwar kujera in muna hira. Bayan isha'i yayarsa ta ɗauke shi ta kai ciki, ba don komai ba sai don sauro ya dame shi. Ba a daɗe ba munka ji ƙara, na ɗauka aradu ce ta faɗo gidan. Babu wuta. Na haska fitilar waya na leƙa falo, sai na ga rabin silin a ƙasa, daidai kan kujerar da yaron ya tashi, matashin da ya ɗora kai yana ƙarƙashin wani ƙaton ɓari. Ruwa na zuba ta sama, wayoyin fitila na lilo. Ƙafafuna sunka kasa ɗaukata, na zauna cikin ruwan nan ina ta innalillahi. Har yau in hadari ya haɗo cikin dare sai na tashi na bi ɗakuna ina duba sama.

Na kira shi a daren, waya a kashe. Sai da ya ga dama ya zo, ya tsaya bakin ƙofa ko takalmi bai cire ba, ya ɗaga kai ya ce, “Hajiya, ikon Allah ne, ruwan bana ya fi ƙarfin kowa.” Na ce ina kwanon da na biya? Ya ce ai ya canza, iska ce ta ɗaga. Na ce to ga shi nan a buɗe, nuna mini sabo ko guda. Sai ya juya maganar, wai in na kawo wani abu zai gyara mini da rangwame. Ko sannu da yaron bai ce ba. Na yi niyyar kai ƙara, surukata ta kira ni ta ce kar na raba zumunci a kan siminti. Maigida ya yi shiru, ya rasa bayan wanda zai bi. Ni na yarda da ƙaddara, na san abin da ya same ni ba zai wuce ni ba, amma cin amana daban yake. Har gobe muna haɗuwa a sunan dangi, ya gaishe ni yana dariya kamar ba a yi komai ba, ni kuwa sai in ji wani abu ya tokare mini wuya. Kuɗin ban yafe ba, na bar shi da Allah.

Shi ya sa nake roƙonki, kar ki ba dangi aiki, ko naki ko na miji. Bare kina iya tsare shi ki ce ya gyara. Na gida kuwa ke za a ce ki yi haƙuri.

To batun bangonki. Wannan ɓarɓashin danshi ne ke hawowa daga ƙasa yana ɗauko gishiri, gishirin shi ke ture fenti da shafe. Tsofaffin gidaje da yawa ba a shimfiɗa musu leda a tushe ba. In kin manna fefa a kai, danshin ya rasa hanyar fita, sai funfuna ta yi baƙi a baya, ɗaki ya riƙa wari, fefar ta saki daga ƙasa. Dole a kankare shafen har sai an ga bulo, a wuce inda tabon ya tsaya, wajen mita 1 daga ƙasa, a sake shafe da siminti da maganin hana ruwa. Ki zagaya bayan bangon ki gani, ko ruwan wanke-wanke na kwanciya a gindinsa, ko bututun bayi na yoyo a ciki, ko indararo na zubowa a jikinsa. In ba a kashe wannan ba, gyaran ciki ɓarnar kuɗi ne. A yi ɗan dakali mai gangara a waje don ruwa ya riƙa gudu. Siminti kam ga shi nan a Kalambaina kusa da mu, amma a wurin kwaɓi ake cutar mutum, a cika yashi a rage siminti. Ki sa wani naki ya tsaya a kai. Kuma sabon shafe yana son kamar kwana 28 ya bushe kafin fenti, duk wanda ya ce miki gobe zai shafa sauri yake ya karɓi kuɗi.

Kwanon kuwa, ki nemi kafinta daban wanda ba shi zai yi silin ba, ya hau da wayarki ya ɗauko miki hoto, ya ƙwanƙwasa katako ɗaya bayan ɗaya. Wanda gara ta taɓa a cire, sabon a shafa masa magani.

Yanzu zaɓin da kinka tambaya. Na 'yan Turkiyya su na fara saya, su ne silin ya faɗa wa. Suna da kwarjini, ba musu. Amma ki tuna garin da muke. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga kowane lungu na sassaƙar nan, da tsinke da tsumma za ki riƙa bi. In Afrilu ya zo zafi ya haura digiri 40, ga wuta ba tabbas, yadin karan-miski ba ya zaunuwa, kowa ƙasa yake saukowa kan tayil ya bar kujerar. Suna kuma cin wuri, in falonki ba babba ba ne sai ki rasa inda za ki shimfiɗa dardumar salla. Masu araha a cikinsu ruwan gwal ɗin fenti ne, yana ɓarewa. Kujerar leda mai kama da fata kuwa kar ki ko taya, zafin Sakkwato yana sa ta tsattsage ta riƙa zuba.

Farin na Turawa, abin da na ɗauka a ciki shi ne rage kaya. Ɗaki in ba tarkace ya fi iska, shara ta fi sauƙi. Amma fari fat ba namu ba ne. Ga jar ƙura, ga hannun yara, ga turaren wuta da ba za mu daina ba, hayaƙinsa na dusar da bango da silin a hankali. Ki nemi ruwan madara ko ruwan toka mai haske ko ruwan ƙasa, kuma fenti mai wankuwa, wanda za ki goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Ni da na sake gyara, zaman ƙasa na yi. Katifu masu tauri jere da bango, rigunansu masu zif, in sun yi datti a cire a wanke. Falon da da yake ɗaukar mutum kaɗan yanzu ranar suna mata ke cika shi ba takura. Sai dai ki ajiye kujera ɗaya ko biyu don tsofaffi, mahaifiyata ciwon gwiwa ba ya barinta zama ƙasa, in ta zauna tashi aiki ne. Kuma kar ki jingina katifa da bangon da bai gama bushewa ba. Na sa tumtum na fata guda biyu daga wurin dukawanmu, har baƙi na tambaya ko daga Makka na zo da su. Abin na ba ni takaici. Fatar jar akuyar nan tamu ce fa fatake ke ketara Sahara da ita tun zamanin da, har Turawa sunka riƙa kiranta fatar Maroko, mu kuma muna raina ta muna cin bashi don kwaikwayon gidan wasu. Bango guda na sa anka yi mini zanen dagi, na rataye faya-faye masu launi a gefensa. Ki shiga tsofaffin gidajen cikin gari wajen Kanwuri, masu kaurin bango da rufin azara, ki ji sanyin ɗakunansu da tsakar rana, za ki san magabata sun fi mu sanin garin nan.

Kafet mai mannewa daga bango zuwa bango ma'ajiyar ƙura ce, in akwai mai asma a gidan zai sha wahala. Ki sayi wanda ake naɗewa a fitar a kakkaɓe. Tayil kuma, 60 da 60 ya isa falo, amma mai ƙyalli kamar madubi yana kada mutum in ruwan alwala ya ɗiga, a bayi da baranda ki sa marar santsi. In sun gama ki bi da makulli kina ƙwanƙwasawa, wanda ya yi ƙarar rami ba a cika ƙarƙashinsa ba, zai fashe, su cire tun suna nan. Ki sayi kwali guda na rara ki ɓoye, don in ɗaya ya fashe bayan shekara da wuya ki sami irin launinsa.

Na manta, silin. Ni silin roba na mayar. Bai kai POP kyau ba, amma ba nauyi, ba ya shan ruwa, ina barci. In ranki na kan POP ɗin, ki yi shi shafal ko hawa ɗaya, mai hawa-hawa yana sauko da rufi ɗaki ya ƙara zafi. A gama aikin waya kafin a rufe, cikin bututu, har da layin sola ko da ba yanzu za ku sa ba. Ƙarfen fanka a ɗaure shi a babban katako na sama. A bar 'yar ƙofa da mutum zai iya shiga ya duba. A bar ramukan iska tsakanin kwano da silin, a sa musu raga saboda jemagu. Tagar da ke kallon yamma ita ce mai dafa ɗaki da la'asar, ita za ki fara yi wa labule mai kauri.

Kuɗi kuma kar ki ba da shi dunƙule. Kaya ki saya da kanki ko ki tura ɗanki da shi kasuwa. Ladan aiki a raba uku, na ƙarshe sai kin duba kin gamsu, a rubuta a takarda gaban shaida namiji wanda yake jin nauyinsa. Kar ki yarda da hoton waya, na kowa suke nunawa. Ki ce ya kai ki gidan da ya yi wa aiki wanda ya ga damina biyu, ki keɓe da matar gidan ki tambaye ta.

Na san bikin ne ke matsa miki, na san maganar dangin miji, na sha ta. In kuɗin ba za su kai duka ba, ki gyara kwano da bango, ki yi fenti, ki sa sabon labule, ki yi wa tsofaffin kujerunki sabuwar riga. Sauran ya jira adashe na gaba. Ki ɗauko hoton gindin bangon ta ciki da ta waje, da tabon silin ɗin, ki turo mu gani. Kuma yau ɗin nan, don Allah, ki janye shimfiɗar yara daga ƙarƙashin tabon.