Za mu kwana a tanti da yara a Mambila, mu shiga da kaskon wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Agege nake. Maigida zai kai mu Gembu da ke kan tudun Mambila wajen danginsa a hutun Disamba, kuma yana so mu kwana a tanti a bayan gari tare da yaranmu uku, autar shekararta biyu. Duk a Legas aka haife su, ba su san ɗari ba. Ya ce zai tanadi kasko da gawayi a riƙa ɗumama tantin da dare. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da hankalinki bai kwanta ba. Kaskon nan kada ya shiga tanti, ko na minti goma, ko da garwashin ya yi jawur ya daina hayaƙi. Mutane na ɗauka hayaƙin ne matsala, da ya wuce shi ke nan. Abin da ke kisa ba ya da launi, ba ya da wari. Iska ce mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda gawayi ke fitarwa muddin yana ci. Ita ce dai wadda ke halaka iyali guda a nan Legas idan aka kwana da janareta a baranda ko a lungun ɗaki. Idan aka shaƙe ta, tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau sama da 200, sai jinin ya yi ta zagaya jiki ba ya kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata. Mai barci ba ya farkawa ya ce yana jin wani abu. Yara kuma sun fi saurin kamuwa, domin numfashinsu ya fi na manya sauri.

Wannan hukunci ya hau kan risho, da ƙaramar tukunyar gas, da fitilar kananzir, da kyandir. Ban da gubar, yadin tanti leda-leda ne, tartsatsi ɗaya ya isa ya kama, kuma narkewa yake yi yana ɗiga a jikin mutum. A yi girki a waje, a ji ɗumi a waje, nesa da tantin, a kashe wutar da ruwa kafin a kwanta. Ciki kuwa tocila ta wadatar.

To da me za a ji ɗumi? Ki fara sanin irin sanyin da za ku tarar. Tudun Mambila ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, kuma duk mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6. Legas a bakin teku take. Ga tsayi, ga hunturu, yaron da ya saba kwana da fanka zai ji a jikinsa, musamman daga tsakar dare zuwa asuba.

Abin da baƙi suka fi mantawa shi ne ƙasa. Za ki ga mutum ya lafta barguna uku a sama, a ƙarƙashinsa tabarma ɗaya tal, ya kwana yana rawar ɗari yana mamaki. Ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jikinsa. Don haka ki fi ba shimfiɗa muhimmanci a kan mayafi: tamfol a ƙasan tanti saboda danshi, sai kwalaye a buɗe su a jera, sai katifar soso ko siririya ce, sannan bargo a kanta. Katifar da ake hura wa iska ita kaɗai sanyi gare ta, sai an ɗora mata bargo.

Kaya kuma a sa su hawa-hawa, biyu ko uku marasa kauri, maimakon jibgegiyar riga ɗaya. Kafin ku tashi ki leƙa kasuwar Katangowa ko Yaba, wajen 'yan gwanjo, za ki sami suwaita da safa da hular sanyi da araha. Ki nemi na ulu. Auduga na riƙe gumi, ta yi sanyi a jiki. Kayan da yaro ya yini yana guje-guje da su a cire masa, a sa busassu kafin barci, har safa. Su ci abinci mai zafi, su sha kunu ko shayi, kowa ya yi fitsari. In kina so, ki zuba ruwan ɗumi a gora mai murfi mai kyau, ki naɗe ta da zane, ki sa wa manyan a wajen ƙafa. Ruwan ɗumi na ce, ba tafasasshe ba.

Maigida zai so ya zuge ko'ina ruf. Kada a yi haka. A bar 'yan tagogin saman tantin a buɗe, in ba haka ba tururin numfashinku zai taru a rufin ya riƙa ɗigowa, da asuba ku tarar barguna sun jiƙe.

Autar ta kwanta kusa da ke, da nata mayafin, fuska a buɗe, kada a tura ta cikin bargon manya. Ki riƙa sa hannu a ƙirjinta ko bayan wuyanta: in da ɗumi lafiya lau, in da gumi a rage mata kaya. Tafin hannu ba ya nuna gaskiya. Ni da za a bi tawa, daren farko ku kwana a gidan dangi, ku ga yadda jikinta ya karɓi garin tukuna.

Idan yaro ya yi ta karkarwa, sannan ya koma shiru, jiki sanyi ƙalau, magana na harɗewa, barci na fizgarsa, sanyi ya shige shi. A cire jiƙaƙƙun kaya, a rungume shi fata da fata a cikin bargo, a nufi asibiti. Idan kuma mutum biyu ko uku suka tashi lokaci guda da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, kada a ce zazzaɓin sauro ne a nemi farasitamol. A fitar da kowa sarari nan take, a tafi asibiti ko da sun ce sun warware. Tun da rana Maigida ya tambayi dangi inda asibiti mafi kusa yake da wanda zai kai ku da mota ko babur, saboda a bayan gari waya ba kullum take samun sabis ba.