Tambayi Goggo: Wane wata zan kai amarya Zanzibar?

Tambaya: Assalamu alaikum Goggo, ya gida ya ƙoƙari? Ni ɗan kasuwa ne, ina harkar hatsi a Tudun Hatsi nan Gombe. In Allah ya yarda za a ɗaura min aure a farkon Afrilu. Yarinyar ba ta taɓa ganin teku ba, iyakacinta dam ɗin Dadin Kowa, kuma tun muna zance na yi mata alkawarin Zanzibar. Wani mai sayar da tikiti ya nuna min kuɗin jirgi da otal na watan Afrilu, abin ya yi sauƙi ƙwarai, ya ce in hanzarta. Ni ma na ga ai Afrilu bazara ce, babu ruwan da zai hana mu yawo. Abokina kuma ya dage in bari sai Disamba. Ki raba mana gardama. Daga Ango mai jiran gado, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sanya alheri, ya kawo ƙazantar ɗaki. Gardamar kuwa, da kai da abokin naka babu wanda ya ci, sai dai ya ɗan fi ka kusa.

Da kalandar Gombe ka auna garin da ke kudu da ikwaita, a gabashin Afirka, cikin tekun Indiya. A nan ne lissafin ya ɓaci. Lokacin da mu muke kwana a tsakar gida muna fifita, ana jiran hadarin farko, su can suna tsakiyar babbar daminarsu, wadda suke kira masika. Takan fara a tsakiyar Maris ta kai ƙarshen Mayu, Afrilu kuma shi ne cibiyarta. A wannan wata kaɗai birnin Zanzibar yakan samu ruwa kusan milimita 400, abin da ya kusa rabin na daminar Gombe gaba ɗaya. Kuma ba irin namu ba ne da zai zo da iska da tsawa ya zuba awa biyu gari ya washe. Yana iya wuni yana zuba, ya kwana, ya tashi da shi. Kaya ba sa bushewa, teku takan yi duhu, masu ƙananan jiragen da ke kai mutane yawo su ɗaure abinsu. Wasu otal-otal na bakin ruwa ma rufewa suke yi a yi gyara sai Yuni.

To ka ga inda sauƙin farashin ya fito. Mai tikitinka bai yi maka ƙarya ba, rabin maganar ya faɗa ya riƙe rabi. Na yi zaman ofishin tikiti shekaru, galibi na Umara nake yanka wa mutane, na san yadda ake tallar watan da babu ciniki. Araha ba ta ado. Wanda ya sha zuwa, yana son ɗaki mai kyau da littafi a hannu, Afrilu ba laifi. Amma yarinyar da aka yi wa alkawarin teku, a kai ta ta riƙa leƙensa ta taga? Haba ɗana, wannan gorin sai ya kai jikoki.

Ni dai in ka bi tawa, ku tafi tsakanin tsakiyar Yuni da farkon Oktoba. Wannan shi ne raninsu mai sanyi. Iskar kudu, kusi, ita ke kaɗawa, zafin rana ba ya cika wuce digiri 29 ko 30, dare kuma da daɗin barci ko babu na'urar sanyi. Wato a Agusta, sanda ruwa ke cinye kwazazzaban Gombe, su can sararin sama fes yake. Sai dai Yuli da Agusta hutun Turawa ne, musamman mutanen Italiya da suka mayar da tsibirin kamar ƙauyensu, don haka ɗaki yakan yi tsada. Shi ya sa na fi son Satumba. Turawan sun koma aiki, iskar ta lafa, ruwa ya kwanta ya yi garau, kai kuma kana dawowa kafin kaka ta kankama, masara da wake su fara sauka a Tudun Hatsi ka rasa lokacin sosa kai. Idan amarya ta ce Satumba ya yi nisa, ƙarshen Yuni ma ya yi.

Disambar abokinka tana da gyara. Akwai ƙaramar damina daga ƙarshen Oktoba zuwa cikin Disamba, ruwa ne na zuba-ka-ɗauke, ba ya ɓata tafiya sosai. Matsalar Disamba aljihu ce: daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara babu lokacin da ya kai shi tsada. Janairu da Fabrairu kuwa rana ce tsantsa, teku ta yi ɗumi, amma da zafi. Kada ka ce ai digiri 33 wasa ne ga wanda ya saba da 40. Zafinmu busasshe ne, ka shiga inuwar dogon yaro ka huta. Nasu da laima yake tafe, zufa ba ta bushewa, ka yi wanka ka fito kana neman wani.

Akwai kuma abin da ba wata ne ke yanke shi ba, kuma kusan kowa sai ya isa yake ganewa. Teku tana cika ta janye sau biyu a kwana guda. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiyani, idan ta janye takan yi nisa har mutum ya yi ta tafiya a kan yashi bai tarar da ruwan da zai kai masa gwiwa ba. A lokacin ne matan ƙauyen ke shiga gonakinsu na ciyawar teku, suna ɗaure ta a igiya tsakanin turaku, abin kallo ne sosai. Janyewar ta fi tsanani a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen sha huɗu ga wata, don haka kalandar Musulunci da ke rataye a shagonka za ta yi maka amfani a nan. Idan so kuke ku buɗe ƙofa kullum ku ga ruwa a gabanku, ku sauka a arewacin tsibirin, Nungwi ko Kendwa, inda ruwan ba ya gudu da nisa. Amma can ne hayaniya da kiɗan dare suka fi yawa, ka tambayi otal ɗin tun kafin ka biya ko yana kusa da masu casu.

Game da amarya, hankalinka ya kwanta. Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, kiran salla ko'ina, mata da lulluɓinsu, babu mai yi wa hijabinta kallo biyu. Ku ware kwana biyu a tsohon birnin, Stone Town, wanda UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Lunguna ne matsattsu da ƙofofin katako masu sassaƙa, da yamma kuma a fita dandalin Forodhani da ke bakin teku a ci gasasshen kifi a sha ruwan rake. Ku je gonar kayan ƙamshi ta ga kanumfari da kirfa a jikin bishiyarsu, ba a ƙullin leda ba. Azumi dai a waɗannan shekarun yana faɗowa wajen Fabrairu da Maris, bai shafe ku ba, amma mai niyyar zuwa a lokacin ya sani gidajen abinci da yawa a cikin birni ba sa buɗewa da rana.

Ko da ma babu ruwa, takardu kaɗai sun isa su hana ka gaggawar Afrilu. Zanzibar ɓangare ne na Tanzaniya, kuma mai fasfon Najeriya ba ya karɓar biza a filin jirgi. Ta intanet ake nema tun daga gida, a jira hukumarsu ta amince, abin yakan ɗauki makonni, wani lokaci har wata biyu. Kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin bizar ta fito. Ga katin rigakafin shawara, ku biyun duka. Ga inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta ɗora wa baƙi tun Oktoban 2024, wadda ta fara a kan dala 44 kowane mutum. Jirgin Ethiopian yana tashi daga Kano da Abuja, a sauya a Addis Ababa a sauka tsibirin kai tsaye. Na fi son haka a kan sauka a Darussalam a hau jirgin ruwa na awa biyu, don a watannin kusi igiya takan yi ƙarfi, bai kamata haɗuwarta ta farko da teku ta zama da jiri da amai ba.

Tambaya: Goggo barka da aiki. Ni da maigida muna so mu kai yara bakin teku a dogon hutun Agusta, kuɗinmu bai kai na nesa ba. Kalaba ko Gana? Daga Maman 'yan uku, Bauchi.

Amsa: 'Yata, a Agusta Gana. Kalaba na cikin garuruwan da suka fi ko'ina ruwan sama a ƙasar nan, Agusta kuma tsakiyar abin ne. Lokacinta Disamba, sanda ake bikin kanibal, wato raye-rayen kan titi, da aka fara a 2004. Sannan a bakin kogi take, ba za ku ga teku mai yashi a cikin gari ba.

Gaɓar Gana kuwa babban ruwanta Mayu da Yuni ne. Zuwa Agusta ya tsagaita, gari ya yi lumshi da sanyi-sanyi, daidai yawo da yara. Babu biza saboda ECOWAS, fasfo da katin shawara kawai. Ku sauka Ankara, babban birnin Gana, a Nima ko Sabon Zango za ki yi ciniki da Hausa ki ci tuwo, sai ku ɗauki mota kamar awa uku zuwa Cape Coast da Elmina, inda ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482 take tsaye har yau. Yaran da suka yi wayo a shiga da su ɗakunan da aka tsare bayi, ƙananan a bar su a waje.

Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai. Tekun wannan gefen ba Wikki ta Yankari ba ce. A Agusta ruwan da sanyi, igiya da ƙarfi, kuma akwai jan ruwa ta ƙasa da ke kwashe ƙafar babban mutum ma yana tsaye iya cinya. Yara su tsaya inda kumfa ke ƙarewa, hannunsu a naki ko na babansu. Idan sun nace sai sun yi iyo, ku nemi masauki mai kwamin wanka.